Yadda ake gyaran tsohuwar ƙararrawar coci ba tare da an kashe mata murya ba

A jajibirin Kirsimetin 1984, babbar ƙararrawar majami'ar Erfurt da ke ƙasar Jamus ta tsage ana tsakiyar kaɗa ta. Gloriosa ake kiranta. Wani gwanin zubi ɗan ƙasar Holan mai suna Geert van Wou ne ya zuba ta a 1497. Nauyinta ya haura tan 11, faɗin bakinta kuma ya ɗan wuce mita biyu da rabi. Ta ga zamanin Napoleon, ta tsallake yaƙin duniya har biyu ba a narka ta ba, sai ga shi ta dare ana zaman lafiya, a hannun masu ƙaunarta.

Wannan ne abin da mai niyyar taɓa tsohuwar ƙararrawa zai fara riƙewa. Tagullar da aka zuba da kyau tana iya shekara ɗari biyar tana aiki ko gezau. Abin da ke kashe ta yawanci baƙin ƙarfen da aka haɗa ta da shi ne, da harshen da ya fi ƙarfinta (wato ƙarfen da ke lilo a cikinta yana dukan ta), da mai gyaran da ya hau da giranda yana sauri. Saboda haka yawancin aikin a kan abin da ke kewaye da ita ake yin sa. Ita kanta tagullar, iya ƙarancin taɓa ta iya alheri.

Ka fara sanin abin da ke rataye a gabanka

Kiristocin farko ba su da ƙararrawa, don mai ibada a ɓoye ba ya neman abin da zai tara masa jama'a. Al'ada tana danganta shigowarta coci da Paulinus, bishop na garin Nola a yankin Kampaniya na Italiya, wajen shekara ta 400, kuma har yau "campana" Italiyawa ke ce mata. Na farkon ƙanana ne na hannu. Sufayen Ayaland suna lanƙwasa fallen ƙarfe su ɗinke shi da ƙusa, abin dai kusan kamar kugen da ake bugawa a fada, sai dai nasu yana da harshe a ciki. Wadda ake dangantawa da Waliyyi Patrick tana nan a gidan tarihi na Dublin.

Daga baya zubi ya kankama. A Bad Hersfeld ta Jamus akwai wadda aka zuba a 1038, tana nan har yanzu. Wajen 1120 wani sufi da ake kira Theophilus ya rubuta yadda ake aikin dalla-dalla. Siffar ma ta yi ta sauyawa, kuma siffa tana gaya maka shekaru tun kafin ka karanta rubutu: mafiya tsufa kamar kifaffen kwando suke, na bayansu dogaye ne masu tsukakken kai kamar mazurari, sannan daga ƙarni na 13 zuwa na 14 aka zauna a kan siffar da kowa ya sani yau.

Haɗin ƙarfen bai sauya sosai ba: jan ƙarfe kamar kashi 78 cikin ɗari, kuza kamar kashi 22, irin kuzan nan da aka yi ta haƙa a Jos ana lodawa zuwa Ingila. Yawan kuzan ne ke ba ta zaƙin amo, shi ne kuma ke sa ta gautsi. Ba ta lanƙwasa. Ko dai ta jure, ko ta dare.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin suka yi ƙaranci. Ƙarfen ƙararrawa yana da amfani ga masu yaƙi. A 1793 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta ce kowace Ikklisiya ta riƙe guda ɗaya, sauran a narka. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi sun kwashe kusan 175,000 a faɗin Turai, an narka kusan 150,000. Inda aka jibge su a tashar jiragen ruwa ta Hamburg har suna ya samu, "maƙabartar ƙararrawa". Bayan yaƙe-yaƙen coci-coci da dama, saboda rashin kuɗi, suka cike gurbi da na baƙin ƙarfe. Don haka tsufan gini ba ya nufin tagulla ce a sama. Sa maganaɗisu a aljihu in za ka hau. Idan ya manne a jikinta, ƙarfe ce, kuma yawancin abin da zan faɗa game da walda bai shafe ta ba. Ita tsatsa ce ciwonta, maganinta kankarewa da fenti.

Mataki na ɗaya: izini, da wanda ya san aikin

A Ingila ba a yi wa ƙararrawar cocin Angalika babban aiki sai da izinin hukumar diyosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, kuma akwai jerin waɗanda aka ce lallai a adana, ciki har da duk wadda aka zuba kafin 1600. A Faransa majami'un da aka gina kafin dokar 1905 mallakar hukuma ne, don haka ba limamin coci ne kaɗai ke da ta cewa ba. A Jamus manyan ɗarikun suna da nasu masanan ƙararrawa da ake kira kafin a ɗaga sifana.

Gidajen zubi kuwa 'yan kaɗan suka rage. Na Whitechapel a Landan, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, ya rufe a 2017. Akwai John Taylor a Loughborough ta Ingila, da Paccard da Cornille-Havard a Faransa, da Eijsbouts a Holan, da Marinelli a Italiya, da Grassmayr a Innsbruck ta Ostiriya da ke zubi tun 1599. Ƙararrawar da 'yan mishan suka kawo Afirka ta Yamma ta jirgin ruwa daga irin waɗannan gidaje ta fito, kuma sunan gidan yakan kasance a jikinta. In gidan na raye, rubuta musu, don wasunsu suna riƙe da tsofaffin littattafan ciniki. Amma shawarata ita ce ka nemi ra'ayin wanda ba ya sayar da komai kafin ka nemi na mai zubi. Mai zubi ɗan kasuwa ne, sabuwa kuma ta fi kawo masa riba.

Mataki na biyu: hawa hasumiya

Kada ka hau kai kaɗai. Kashe wutar injin da ke kaɗa ta daga babban makunni, ka manna takarda a wurin, ka ɗaure gudumar agogo idan akwai. A Ingila akwai wani haɗari na musamman: salon kaɗawarsu ƙararrawa tana juyawa ne gaba ɗaya, wani lokaci kuma akan bar ta a tsaye baki sama, a jingine da ɗan katako. Taɓawa kaɗan za ta kifo da dukan nauyinta. Sai ka tabbata kowace tana rataye baki ƙasa kafin ka sa ƙafa a ɗakin.

Ɗakin kansa ba wurin kwalliya ba ne. Duhu, iska tana shigowa ta tsakanin allunan taga, ƙasa kuma kashin tattabara ya yi tudu har ƙafa na nutsewa, da busassun tsinkayen sheƙa da gawar 'yan shila. Ƙurar wannan kashi tana sa ciwon huhu, don haka sa takunkumi na gaske, ka yayyafa ruwa kafin ka share. Gwada kowane katako da ƙafa ɗaya tukuna. Idan ka ga jemagu a Birtaniya, dakata, doka tana kare su.

Mataki na uku: rubuta komai kafin ka kwance komai

Auna faɗin baki da tef, ka auna tsawo, ka auna kaurin wurin bugu, wato zoben nan mai kauri da ke sama da leɓe kaɗan. Daga faɗin baki za ka iya ƙiyasta nauyi: mai faɗin mita ɗaya tana kai wajen kilo 600. In faɗi ya ninka biyu, nauyi ya ninka takwas. Mutane da yawa sun raina ƙararrawa da ido, sai da igiya ta ɗauki nauyin suka gane kurensu.

Sai rubutun jikinta. Kada ka haska tocila kai tsaye, kwantar da hasken daga gefe, haruffan za su taso da inuwarsu. Shimfiɗa takarda ka goga da baƙin kakin zane, ka kuma ɗauki hoto ta kowane ɓangare. Galibi Latin ne. In ka ga suna sannan "me fecit", ma'anarsa wane ne ya yi ni, don ƙararrawa da bakinta take magana a rubutun. Shekara kuma sau da yawa da lambobin Rumawa take: MDCCC shi ne 1800. Wata ta Schaffhausen a Suwizalan, ta 1486, cewa take tana kiran rayayyu, tana kukan matattu, tana karya tsawa, don a da sun ɗauka kaɗa ta yana kore hadari.

Kowane noti da kowane katako da za a cire a sa masa lamba da alli, a kuma yi alamar ɓangaren da ke fuskantar gabas.

Mataki na huɗu: saurare ta, sannan ka nemi tsaga

Ɗauki gudumar katako ka buge ta sau ɗaya a wurin bugu, ka duba agogo. Lafiyayya za ta ba da ƙara garau, sannan wani gurnani mai zurfi ya biyo baya yana raguwa a hankali, a babba har fiye da minti ɗaya. Mai tsaga kuwa "kwaf" za ka ji kamar fasasshen kwano, amon ya mutu nan take, ko ka ji wani zirr a cikinsa. Amma kada ka yanke hukunci da wuri. Sakakken noti, ko guduma da ta kwanta a jikinta, ko ma tulin kashin tsuntsu a kanta, duk suna iya dusashe murya. Kawar da waɗannan ka sake bugawa. Ka ɗauki sautin a waya ka ajiye.

Tsagar da ke kan ƙararrawa, can sama, ba kasafai take taɓa murya ba da farko, don kai ba ya rawa sosai, sai ta gangaro kafaɗa ake ji. Ita ake nema da ruwan gwaji. A wanke wurin ya bushe, a fesa jan ruwa mai ratsa ƙarfe, a bar shi 'yan mintuna, a goge tas, sannan a fesa farar hoda. Inda duk tsaga take, ko ta kai silin gashi, jan layi zai fito a kan farin.

Idan ka samu tsaga, an gama kaɗawa daga ranar. A ɗaure igiya, a ɗaure harshe. Kowane bugu yana ƙara mata tsawo.

Mataki na biyar: ƙugiyar da ke cikin kai

A nan ne zan daɗe, don nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma ba a ganin ta daga ƙasa. Masu zubin da, har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19, sukan dasa ƙugiyar baƙin ƙarfe a cikin mazubi kafin su kwarara tagulla, ta daskare a kanta. A jikin wannan ƙugiya ake rataye harshe. Dabara ce mai sauƙi, kuma takan yi shekaru aru-aru lafiya. Amma laima tana samun hanya, ƙarfen ya fara tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta fi ƙarfen da ta fito daga ciki girma. Wanda ya taɓa ganin rodi ya yi tsatsa a cikin dakin har ya fasa siminti ya san abin da nake nufi. Haka ƙugiyar ke tura tagulla daga ciki, ba dare ba rana, har kan ya dare.

Leƙa ciki da tocila. In ka ga ƙugiya ta fito daga jikin tagullar kai tsaye, ba noti a sama, irin ta da ce. Wani lokaci an taɓa yanke ta an bar gindin a ciki, wanda shi ma yana nan yana aikinsa. Maganaɗisu zai nuna maka inda yake.

Maganin shi ne a huda a ƙwaƙule ƙarfen duka, ko ɓurɓushi kada a bari, sannan a yi rami a tsakiyar kai a zura sabuwar ƙugiya mai zaman kanta da ake ɗaurewa da noti daga sama, wadda za a iya cirewa duk ranar da aka so. Aikin gidan zubi ne ko ƙwararren mai rataya. Ko da ƙararrawar ba ta tsage ba, in dai an sauke ta don wani dalili, a yi wannan a wuce wurin.

A saman kai kuma za ka ga wasu madaukai na tagulla, kunnuwan da ake ɗaure ta da su. A ƙarni na 19 da na 20 an yi ta yanke su don a ji daɗin ɗaura ta da noti a jikin ƙarfe. Asara ce babba, don wasu an yi musu ado da fuskoki da zanen igiya. Yanzu ana ƙera karkiya, wato gungumen da ake rataye ƙararrawa a jikinsa, mai rami da kunnuwan za su shige. Duk mai gyaran da ya ce sai ya yanke su, ka gode masa ka nemi wani.

Mataki na shida: ramin da harshe ya ci

Shekara da shekaru harshe yana dukan wuri biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, har ya yi musu kwarmi. Ɗora ƙaramin ma'auni ka ga zurfinsa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce idan ya kai kamar kashi 10 cikin ɗari na kaurin wurin, lokaci ya yi. A ƙararrawa mai faɗin mita ɗaya kaurin yana kai wajen santimita 7, ka ga ke nan milimita 7 kacal ake magana. Sai a juya ta rubu'in zagaye a kan karkiyarta, harshe ya samu sabon wuri. In an riga an juya a baya, a juya rabin rubu'i. Wadda duk bakinta ya cinye, ana cike ramukan da walda irin wadda za a yi bayani a ƙasa.

Mataki na bakwai: saukewa da wankewa

Ba kowane gyara ke bukatar saukewa ba. In ta kama, ana amfani da sarƙar ɗaga kaya irin ta bakanike mai ciro inji, a rataye a gungumen da injiniya ya amince da shi, a bi da ita ta ƙofofin da ke tsakiyar kowane bene. Wani lokaci an gina hasumiya an rufe hanyar. A 2004, da aka sake ganin siririyar tsaga a jikin Gloriosa bayan waldar da aka yi mata a sama a 1985, sai da aka buɗe bangon hasumiyar aka fito da ita. A ƙasa a ɗora ta a kan katakai. Kada a ajiye leɓenta a kan siminti, kada a mirgina ta, don leɓen ne ya fi saurin ɓantarewa.

Wanki kuwa ruwa ne da sabulu marar ƙarfi da burushin gashi. Koren nan ko baƙi-baƙin da ke jikinta ba datti ba ne, rigar da tagulla ke yi wa kanta ce, tana kare abin da ke ƙasa. Ban da asid, ban da burushin waya, ban da fenti, ban da goge ta ta yi ƙyalli kamar kwanon amarya. Inda akwai guba ne kawai ake wuce haka. Bayan gobarar Notre-Dame ta Faris ranar 15 ga Afrilun 2019, ƙurar dalmar rufin da ya narke ta lulluɓe ko'ina. A 2023 aka sauke ƙararrawa takwas na hasumiyar arewa aka kai su Villedieu-les-Poêles a Normandi, inda aka zuba su tun farko, aka tsabtace su aka duba lafiyarsu. Sun dawo a Satumban 2024, suka yi amo tare ranar 8 ga Nuwamba.

Mataki na takwas: walda

Mai waldar unguwa, komai iyawarsa a ƙofa da taga, kada ya taɓa ta. Idan aka zafafa wuri ɗaya sauran jiki na sanyi, tagulla mai gautsi sai ta buɗe sabuwar tsaga kusa da tsohuwar. Babbar ƙararrawar Mosko, mai nauyin kusan tan 200, ba ta taɓa yin amo ba ko sau ɗaya: gobara ta tashi a 1737 tana cikin raminta, aka watsa mata ruwa tana da zafi, wani ɓangare mai nauyin tan 11 da rabi ya ɓalle.

Tsohuwar dabarar huda rami a ƙarshen tsaga da faɗaɗa ta don gefunan su daina gogar juna ita ma ba abin dogaro ba ce. An gwada ta a kan Ƙararrawar 'Yanci ta Filadelfiya a Amurka a 1846. Ta yi amo na 'yan sa'o'i, tsagar ta zarce sama, ba a sake kaɗa ta ba.

Ga yadda ƙwararru ke yi. Suna gano ainihin inda tsagar ta tsaya, su ƙwaƙule ta har gindi ta zama kwari. Su shirya sandar walda mai haɗin jan ƙarfe da kuza daidai da na ƙararrawar. Su sa ta dukanta a tanda, zafi na hawa a hankali har ɗaruruwan digiri, sannan su yi waldar tana cikin zafin. Bayan nan a rufe ta ta huce da kanta, abin da kan ɗauki kwanaki a babba. Sai a gyara wurin da hannu, a sake gwajin jan ruwa. Haka gidan Lachenmeyer na Nördlingen ta Jamus ya yi wa Gloriosa, ta sake amo a Erfurt ranar 8 ga Disamban 2004. Waldar da aka yi da kyau tana dawo da murya, da tsawon gurnaninta.

Narkewa a sake zubi shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma a gani na ba gyara ba ne. Sabuwa ce aka yi da ƙarfen tsohuwa. Idan ta wuce walda, gara a ajiye ta a cikin coci inda mutane za su gan ta su karanta rubutunta, a tara kuɗi a zuba wata.

Mataki na tara: gyaran murya, in da hali a tsallake shi

Ƙararrawa ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Akwai manya guda biyar da ke tashi tare, daga gurnanin ƙasa zuwa siririn sama. 'Yan'uwan nan biyu, François da Pieter Hemony, tare da makahon mawaƙi Jacob van Eyck, su suka gano yadda ake daidaita su a Holan a shekarun 1640, ta hanyar kifa ƙararrawa a injin juyi ana gurzar cikinta. Ilimin ya ɓace, sai a shekarun 1890 wani limamin Ingila, Arthur Simpson, ya sake tono shi, gidan Taylor ya ɗauka. Matsalar ita ce ƙarfen da aka gurza ba ya dawowa. Tsohuwar da ta yi shekara ɗari huɗu da 'yar karkatarta, wannan karkatar ce muryar da garin ya sani. In za a ƙara sababbi, su a daidaita su da ita.

Mataki na goma: harshe, karkiya da firam

Harshe shi ne abin da aka yarda ya lalace, don haka dole ya fi tagulla taushi: ƙarfen maƙera mai laushi, ba mai tauri ba. Nauyinsa kuma mai zubi ne zai lissafa. Big Ben ta Landan, ko da yake ta agogon majalisa ce ba ta coci ba, ta tsage a 1859 wata biyu kacal da fara aiki, aka ɗora laifin a kan gudumar da ta yi mata nauyi. Sai da aka ɗan juya ta aka sa ƙaramar guduma, kuma da tsagar take amo har yau. Gloriosa ma daga baya an sauya mata harshe da wanda bai kai na da nauyi ba.

Ƙwallon harshen ya sauka daidai tsakiyar wurin bugu. In ya yi ƙasa zai ɓantare leɓe, in ya yi sama zai doki inda ba kauri. Shafa alli a ƙwallon, ka kaɗa sau ɗaya, ka duba inda ya bar tabo. Maratayinsa, fata ce ko boris, ka kama harshen ka girgiza shi gefe da gefe. In yana lilo, ya ci. A babbar majami'ar Kolon ta Jamus, ranar 6 ga Janairun 2011, harshen ƙararrawar Bitrus mai nauyin tan 24 ya tsinke daga maratayinsa ana cikin kaɗawa ya faɗo a kan benen ɗakin.

Karkiyar da ke ɗauke da ita, Jamusawa sun yi zamanin sa ta ƙarfe, yanzu da yawa sun koma katako saboda ya fi tausasa amo kuma ya fi sauƙi a jikin tagulla. In ta ƙarfe ce, a sa wani abu a tsakani, katako ko makamancinsa, kada ƙarfe ya zauna a kan tagulla tsirara. Soka tsinken ƙarfe a firam, wato katakan da karkiyar ke zaune a kansu, musamman inda gungume ya shiga bango, don nan ne ruɓa ke farawa. A Turai ƙwaro ne da laima, a ƙasashenmu kuwa gara ce, wadda za ta cinye ciki ta bar maka ɓawo lafiya lau. Sa wani ya kaɗa, kai kuma ka dafa mahaɗar katakan daga inda ƙararrawar ba za ta same ka ba. Firam mai motsi kada a tokare shi da bango don ya tsaya. Ƙararrawar da ke juyawa gaba ɗaya tana danna ƙasa da kusan ninki huɗu na nauyinta, tana kuma tura gefe da wajen ninki biyu, kuma in ka tokare, duk wannan dukan bango ne zai sha. A ɗaure mahaɗan, a sauya abin da ya ruɓe, sauran tsohon katakon a bar shi, don wani firam ɗin ya girmi ƙararrawar da ke kansa.

Bayan an rataye

Sabon katako yana ƙanƙancewa, don haka bayan 'yan makonni a koma a bi notuna da sifana, a kuma sake bayan wata shida. Inda ake hunturu mai busar da itace, ƙarshen hunturun ne lokacin dubawa. A sa raga a tagogi saboda tattabaru, a sa kwaɗo mai kyau a ƙofa saboda ɓarayin ƙarfe, don tagulla tana da tsada a wurin masu awo.

A hana wata ɗabi'a da ta fasa ƙararrawa ba adadi: ɗaura igiya a harshe ana fizgo shi ya doki jiki. Mai ja yakan riƙe igiyar, harshen ya kwanta a jikin tagulla daidai lokacin da take rawa, ya shaƙe ta. In ana son a buga ta tana tsaye, a sa guduma ta waje mai komawa baya da kanta nan take. In inji ne ke kaɗawa, a saita shi ya tashi a hankali, kuma kada ya ɗaga ta fiye da kima. Tsohuwa sosai a rage mata aiki. Gloriosa kamar sau takwas kawai ake kaɗa ta a shekara, a manyan ranaku.

A ajiye ɗan littafi a ƙasan hasumiya. Sau biyu a shekara wani ya hau da tocila da sifana da gudumar katako, ya sa giris inda ake sawa, ya duba igiya, ya buga sau ɗaya ya ƙirga daƙiƙa nawa gurnanin ya yi kafin ya ɓace, ya rubuta da kwanan wata. Ranar da adadin ya faɗi ƙasa da na bara ba tare da dalili ba, a ɗaure igiyar a kira masani.